Kalmomi biyar, amsa biyu

Ƙarfe goma sha ɗaya na dare ta gota saƙon ya shigo. Hoton allon waya ne, ga jan gicciye a gefen tambaya ta bakwai, a ƙasa kuma an rubuta: "Malama, a gafarce ni da damu cikin dare. Don Allah ina laifin wannan jimlar?"

Mai saƙon dattijo ne a ajin da nake koyarwa ta intanet, inda muke yin ƙa'idojin rubutun Hausa da ɗan abin da ya sawwaƙa na nahawu. Ajin gauraye yake. Akwai masu koyon harshen tun daga tushe, akwai kuma irinsa, waɗanda da Hausa suka buɗe baki amma ba su taɓa zama sun koyi rubuta ta ba. Ya haife ni nesa ba kusa ba, shi ya sa Baba nake ce masa, shi kuma bai taɓa kiran sunana ba, kullum Malama.

Tambayar irin wadda ake hargitsa kalmomi ce a ce ɗalibi ya jera su. 'Yan katuna biyar na ba su: jiya, ne, yara, suka, dawo. Abin da na shigar a matsayin amsa shi ne "Jiya ne yara suka dawo." Baba kuwa ya jera nasa: "Yara ne suka dawo jiya." Na karanta sau ɗaya, na sake karantawa da ƙarfi, sai kunya ta lulluɓe ni ni kaɗai a ɗaki. Jimlarsa ba ta da aibu ko na sisin kwabo. In ma gaskiya za a bi, ta fi tawa saurin zuwa baki. Na rubuta masa: "Baba, jimlarka daidai take, ni ce na yi kuskure. Zan mayar maka da makinka." Da na shiga duba sakamakon sauran, sai na tarar ba shi kaɗai ba ne. Sauran dai shiru suka yi, suka ɗauka ba su iya ba. Wannan ya fi ci mini rai, domin mai koyon harshe in na'ura ta ce masa ya yi kuskure yarda yake yi, ya tafi ya goge abin da yake daidai daga kansa.

Abin haushin shi ne na ɗauka na yi dabara a wannan tambayar. Da farko "Yara sun dawo jiya" na rubuta, sai na lura ana iya cewa "Jiya yara sun dawo", don bayanau na lokaci yana zama a gaba yana zama a baya. Sai na sako dirka, wato "ne", da "suka" don in ɗaure jimlar a wuri guda. Ashe da sauran rina a kaba. Dirkar da na kawo ba ta da zaɓi, tana bin "jiya" kamar yadda take bin "yara".

Tun daga ranar na canza yadda nake kallon aikin. Shigar da tambayar a dandali ba ya ɗaukar minti uku: ka rubuta umarni, ka zuba kalmomin ɗaya bayan ɗaya bisa tsarin da yake daidai, ka zaɓi a jera su a kwance ko a tsaye, ka adana. Na'ura ce za ta hargitsa wa kowane ɗalibi. Inda aikin yake shi ne farautar amsa ta biyu kafin ɗalibi ya riga ka gano ta, domin galibin irin waɗannan tambayoyi jeri ɗaya tak suke riƙewa, duk abin da ya saɓa masa kuskure ne a wurinsu.

Lissafin ma kaɗai ya isa ya sa mutum ya nutsu. Katuna biyar ana iya jera su ta hanya 120. Shida, 720. Bakwai, 5,040. In suka kai goma, hanyoyin sun haura miliyan 3 da dubu 600. Ba wanda zai zauna ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a buƙata, don mafi yawansu shirme ne. Amma a cikin tarin shirmen nan akwai biyu ko uku da Bahaushe zai ji ya ce "haka ake faɗa", kuma su ne ke jiran ka.

Yanzu da takarda da almakashi nake farawa. Ina rubuta jimlar da manyan haruffa, in yayyanka ta, in baza a kan tebur, in bar ta ta kwana. Washegari, bayan na ɗan manta abin da na nufa, sai in zo in yi ta juya su. In ƙanena yana kusa shi nake tura wa, don mutum ne mai son gardama, ba abin da ke faranta masa rai kamar ya ce "Yaya, ga wata." Rannan na ba shi: malam, ya, nuna, wa, yara, hoto. Na tabbata wannan kam a ɗaure take, tunda ba mai cewa an nuna wa hoto yara. Bai yi minti ɗaya ba ya ɗauki katin ƙarshe ya kai shi farko: "Hoto malam ya nuna wa yara." Ya kalle ni yana murmushi.

A nan ne na gane wani abu da na daɗe ina koyarwa amma ban taɓa jin nauyinsa ba sai da ya cije ni. Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti. "Ya" na "malam ya nuna" da "ya" na "hoto malam ya nuna" a baki daban suke, na farkon dogo ne, na biyun gajere. A takarda kuwa kamarsu ɗaya. Haka "ta", haka "na", haka "ka". Don haka duk jimlar da aikau ɗinta, wato mai yin aikin, tilo ne, namiji ko mace, ƙofar gabatar da karɓau, wato abin da aikin ya faɗa wa, a buɗe take, kuma katin ba zai nuna ba. Amma in aikau jam'i ne, rubutun kansa yana tona asiri: sun da suka, mun da muka, kun da kuka, an da aka, har da kin da kika. "Malamai sun nuna wa yara hoto" ba za ta juye zuwa "Hoto malamai sun nuna wa yara" ba tare da kunne ya yi ƙorafi ba, sai an ce "suka". Haka ma yana da yake, suna da suke. Tun daga nan, in ina son jimla mai amsa ɗaya, nakan karkata ga jam'i.

Aikatau ma yana taimakawa, in ka san waɗanda ke sauya kama. "Yaro ya ga malam" tarko ce, don "Malam ya ga yaro" tana nan. Amma "Yaro ya ga yarinya" a kulle take ta ko'ina: "ya" ba zai bi yarinya ba, kuma in ka kai yarinya gaba dole "ga" ya koma "gani". Irin su tambaya ma haka: ya tambayi malam, ya tambaye shi, malamin da ya tambaya. Wasalin ƙarshen yana faɗa maka abin da zai biyo baya, suna ne ko wakilin suna ko ba komai. Ɗalibin da ya kalli katin "tambaye" ya nemi "shi" ya manna masa ya koyi wani abu na gaske, kuma irin wannan ne dalilin da ya sa ban watsar da wannan nau'in tambaya ba duk da wahalarsa.

Akwai kalmomin da na haramta wa kaina sakawa a matsayin kati mai zaman kansa: dai, fa, ma, kam, kuwa. Yawo suke yi. "Ni ma zan zo gobe", "Gobe ma ni zan zo", "Ni zan zo gobe ma", kowace da inda ta nufa, kuma kowace Hausa ce. Haka sunaye biyu da "da" ta haɗa, littafi da alƙalami ko alƙalami da littafi, ba mai hukunta wani a kan wanda ya fara ambata. In dole sai sun shigo, sai in haɗe su a kati guda. Wannan haɗewar ita ce babbar dabarar da na dogara da ita: ba dole ne kowace kalma ta samu katinta ba. "Da sassafe" kati ɗaya. "Littafin malam" kati ɗaya, sai fa in nasabar ce nake son gwadawa.

Sai matsalar tagwaye. Korewa a Hausa sau da yawa "ba" biyu take ɗauka, ɗaya a gaba ɗaya a baya: "Ba ta karanta wasiƙar ba." A idon ɗalibi katunan nan biyu ba su da bambanci. A wani dandali da na taɓa aiki da shi kuwa, kowane kati da lambarsa a ɓoye, in ka sa "ba" ta biyu a gurbin ta farko sai ya ci ka tara, alhali jimlar da ke kan allo daidai take harafi da harafi. Ba kowane dandali ke haka ba, amma ban ƙara yarda da kowanne ba sai na gwada da hannuna: in shiga a matsayin ɗalibi, in musanya tagwayen da gangan, in ga abin da zai ce. Mafita mai sauƙi ita ce a manna "ba" ta farko da abin da ke bin ta, "ba ta" ya zama kati guda, "ba" ta ƙarshe ta tsaya ita kaɗai.

Masu aiki da Moodle suna da wata hanyar. Wannan manhaja ta koyarwa ta intanet, wadda Martin Dougiamas ɗan Ostareliya ya fitar a 2002, tana da nau'in tambaya da ake jawo kalma a ajiye ta a gurbi cikin rubutu. Daga Open University ta Birtaniya nau'in ya fito, ya shiga cikin ainihin manhajar a 2015. A can kana rubuta gurabe da lambobi, kuma kana iya ba kalma ɗaya izinin a yi amfani da ita sau da yawa, don haka "ba" guda ta isa ta cike gurabe biyu. Wani amfaninsa kuma shi ne kana iya dasa kalmar farko a wurinta, ka bar sauran a jera. Da na dasa "Jiya" a farkon tambaya ta bakwai, da Baba bai yi rashin barci ba. Nau'in jerawa zalla kuwa ya daɗe a matsayin ƙari da ake ɗorawa daga waje, sai a fitowa ta 4.4, cikin Afrilun 2024, aka shigar da shi ciki.

Abin da ya ba ni mamaki da na waiwayi tsofaffin kayan aiki shi ne an daɗe da sanin wannan ciwon. Hot Potatoes, manhajar shirya tambayoyi da aka ƙirƙira a Jami'ar Victoria ta Kanada aka fitar a 1998, tana da sashe mai suna JMix wanda aikinsa ke nan, hargitsa jimla. A cikinsa akwai akwati na musamman da malami zai zuba sauran jimlolin da su ma daidai ne. Waɗanda suka yi shi sun san harshe ba ya tafiya a layi ɗaya. In dandalinka ba shi da irin wannan akwati kuma ka nace sai ka karɓi amsa biyu, kana iya komawa ga tambayar gajeriyar amsa: ka nuna kalmomin a hargitse, ɗalibi ya rubuta jimlar da hannunsa, kai kuma ka lissafa duk amsoshin da ka yarda da su. Na gwada, na dawo. Rabin ajina ba su da ƙ da ɗ da ɓ a wayoyinsu, sai na koma ina rubuta kowace amsa sau biyu sau uku, da ƙugiya da babu ƙugiya, ga mai sa aya ga mai mantawa. Katin da ake ja da yatsa ya raba ni da wannan duka, kuma ɗalibi yana ta ganin kalmar da ƙugiyarta har ta zauna masa.

Maganar maki ita ce wadda na fi daɗewa ina jayayya da kaina a kanta. Ɗauki jimlar nan mai katuna shida: "Ɗalibai sun rubuta wa malaminsu wasiƙa." A ce wata ta ɗauko "wasiƙa" ta kai farko, sauran biyar ta jera su daidai. Kuskure ɗaya ta yi. In dandalin yana duba ko kowane kati ya zauna a ainihin gurbinsa ne, sifili za ta samu, don kowa ya matsa gaba da taki ɗaya. In kuwa yana duba wane kati ke bin wane, ta ci huɗu cikin biyar. In mafi tsawon jerin da ke bisa tsari yake nema, biyar cikin shida. Amsa ɗaya, maki uku mabambanta, kuma duk waɗannan zaɓuɓɓuka suna nan a nau'in jerawa na Moodle, tare da na ko duka ko babu. Yawancinmu ba ma taɓa wurin, yadda muka same shi haka muke barinsa.

Ni dai duban maƙwabci na zaɓa don atisaye, saboda shi ya fi kama da yadda jimla take: abin da ɗalibi ya sani shi ne "sun" na bin "ɗalibai", "wa" na bin "rubuta". Ba wanda ke haddace cewa "wa" ita ce ta huɗu. Duban gurbi kuma yana da wani aibu da lissafi ya tabbatar: in mutum ya jera katuna da ka, ba tare da ya karanta ba, a matsakaici kati ɗaya zai faɗa gurbinsa, ko katunan huɗu ne ko ashirin. Wato a jimla mai katuna huɗu, mai caccanka yana tashi da kashi 25 cikin 100 kyauta. A jarrabawar ƙarshe kuwa ko duka ko babu nake sawa, kuma na san akwai malaman da za su ce na tsananta. Hujjata ita ce jimlar da aka jera rabi ba ta isar da saƙo. Amma ba na yin haka sai ga tambayar da ta riga ta sha gwaji a atisaye, na ga yadda mutane suka amsa ta.

Gajerun jimloli ma da nasu. Katuna uku hanya 6 kawai suke da ita, don haka in dandalin bai hana ba, cikin kowane mutum shida ɗaya zai buɗe tambayar ya tarar da ita a jere. Wasu sukan rikice su ɓata ta, don ba su yarda za a ba su amsa a hannu ba. Daga biyar zuwa takwas nake tsayawa. Fiye da haka, a allon waya katunan kan karye zuwa layi biyu ko uku, yatsa ya ja wannan ya saki wancan, sai ka koma gwada haƙurin mutum maimakon Hausarsa. Kusan duk ɗalibaina da waya suke shiga, ni kuma a kwamfuta nake shiryawa, shi ya sa ba na sakin tambaya sai na buɗe ta a tawa wayar.

Babban baƙi da aya kuwa na daina sa su a katuna, sai a darasin farko-farko. Kati mai babban baƙi yana ihu cewa shi ne na farko, mai aya kuma na ƙarshe. A jimla mai katuna biyar ka riga ka ba da biyu, saura uku, hanyoyi 120 sun koma 6. Wani lokaci da gangan nake yin hakan don in toshe amsa ta biyu, amma gara in san na yi.

Wata dabara da na aro daga Duolingo, manhajar koyon harsuna, ita ce sako katin da ba a buƙata. Su sukan cakuɗa kalmomin da ba sa cikin jimlar. Ni ba na sako kowace kalma haka kawai, sai wadda ke gogayya da wata: in sa "sun" da "suka" tare, ko "tambayi" da "tambaye", a ce ɗaya za ta rage. Sai dai a kula, ƙarin kati ƙarin ƙofa ne. In ka ba da jiya, yara, dawo, da sun da suka, ka buɗe "Yara sun dawo jiya" ka kuma buɗe "Jiya yara suka dawo". Ƙanena ne ya kamo wannan ma.

Tambaya ta bakwai ban goge ta ba. Na daɗe ina kallon katunan nan biyar a kan tebur, sai na ga abin da Baba ya tono ya fi abin da na shirya koyarwa daraja. Jimlolin biyu duk daidai ne, amma ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Sai na raba ta gida biyu, katunan ba su canza ba. A ta farko na rubuta a sama: wani ya tambaye ka, "Yaushe yara suka dawo?" Jera amsar. A ta biyu: wani ya tambaye ka, "Su wa suka dawo jiya?" Jera amsar. Yanzu kowace tana da jeri ɗaya, kuma ɗalibi yana gani da idonsa cewa abin da ake tambaya a kai shi ke zuwa gaba ya ɗauki dirka. A bayanin da ke fitowa bayan an amsa na ƙara layi guda: in ka jera ɗaya jimlar, Hausarka daidai ce, amma wata tambayar ka amsa.

A umarnin kowace jarrabawa kuma yanzu akwai jimlar da ba ta nan a da: wanda ya ga ya jera daidai aka ce ya yi kuskure, ya turo mini hoto. Makin da hannu nake gyarawa, sannan in koma in gyara tambayar. Baba ya ci biyun nan duka a zagaye na gaba. Bayan kwana biyu sai ga wani hoton daga wurinsa, wannan karon da rana tsaka, tambaya ta goma sha huɗu. Katunan su ne: za, mu, fara, karatu, bayan, hutu. Ya rubuta a ƙasa: "Malama, bayan hutu za mu fara karatu, ko kuwa bayan karatu za mu fara hutu? Ni dai na biyun na zaɓa."